Kyanwa Mai Gadin Rumbu: Laifinta Ne Ko Namu?

Da zarar an gama yankan gero da dawa a ƙasar Yankwashi, an ɗaure dammuna an jera a rumbu, sai waɗansu baƙi su iso gida ba sallama. Ɓeraye ke nan. Daga nan har ƙauyukan Roni da Gwiwa da Babura babu magidancin da bai san ɓarnarsu ba. Su ci hatsi, su huda buhun wake, su kuma yi fitsari a kan abin da suka rage. Shi ya sa da kaka za ka ji ana cigiyar 'yar kyanwa gida gida. Amma kafin bazara ta yi, kyanwar nan da aka roƙo da murna ta zama abin tsinuwa. A ce ɓarauniya ce, ta cinye 'yan tsaki, ta ɓata ɗaki, ta yakushi yaro. Daga nan sai jifa da muciya, ko kuwa a ɗura ta a buhu a kai ta bayan gari.

Kafin mu yanke mata hukunci, ya kamata mu san wace irin dabba ce muka ajiye.

Asalinta kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya. Sa'ad da mutane suka fara noma suna tara hatsi, ɓeraye suka taru, ita kuwa ta biyo su har cikin gari. A shekara ta 2004 masana suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus, mai kimanin shekara 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa kusa da juna. Wato tun farko gadin hatsi ne ya haɗa mu da ita, kuma da ƙafarta ta zo. Ba kamar kare take ba, wanda yake duban fuskar maigidansa yana jiran umarni. Kyanwa tana bin halittarta ne. Wanda ya san halittar nan zai zauna da ita lafiya.

Mu fara da sata, gama ita ce ƙarar da aka fi kawowa. Akwai wata magana da ta bazu ko'ina, cewa kada a ba kyanwa abinci, in ta ƙoshi ba za ta kama ɓera ba. Wannan kuskure ne babba. Farauta a jininta take. Ƙosasshiyar kyanwa tana iya kwana a gindin rumbu tana dako, gama tana da ƙarfi da haƙurin yin haka. Mayunwaciya kuwa abin da ya fi sauƙi za ta nema: tukunyar miya, kifin da aka shanya, ɗan tsakon da yake yawo a tsakar gida. In ba ta samu ba, ta koma gidan maƙwabci inda ake jefa mata ƙashi, rumbunka ya zauna ba mai gadi.

Tuwo kaɗai kuma ba ya riƙe ta. Kyanwa maciya nama ce. Akwai wani sinadari a cikin nama da kifi, ana ce da shi taurin, wanda jikinta ba ya iya yin isasshensa. In ta daɗe ba ta samu ba, idonta yakan lalace, zuciyarta ta raunana. Ba a ce ka saya mata tsoka ba, wa yake da wannan hali? Kan kifi, hanjin kaza, ɗan huhu daga wurin mahauci ran kasuwa, a dafa a cuɗa da tuwo kaɗan, ya isa. A ba ta safe da yamma a wuri ɗaya, da kaskon ruwa mai tsabta. Ɗanyar madara takan sa manyan kyanwoyi da yawa zawo, albasa da tafarnuwa kuma suna ɓata musu jini, don haka sauran miya mai albasa da yawa ba nata ba ne. Bayan wannan, sauran aiki na uwargida ne. Kakanninmu ba a banza suka yi ragaya ba. A rataye ƙwaryar nono, a rufe tukunya da murfi mai nauyi. Wanda ya bar nama a buɗe a gaban kyanwa ya ba kura ajiya.

Zancen 'yan tsaki ya fi wuya, domin yakan haɗa maƙwabta faɗa. Hausawa sun ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Ka lura, shaho ma yana cikin maganar, ga kuma tunku da hankaka, amma in ɗan tsako ya ɓace sunan muzuru ake fara kira. Duk da haka gaskiya ne wata kyanwa takan koyi cin tsaki, in kuwa ta koya da wuya ta bari. Maganinsa a tsare tsakin a akurki, ko a kife su da babban kwando a makonninsu na farko, har su yi gashi su yi wayo. Kyanwar da ta tashi tun tana ƙarama a cikin kaji, uwar kaza ta ɗan tsattsage ta sau biyu, yawanci ba ta kula su. In kuwa an tabbata taka ce ta ci na maƙwabci, kada ka tsaya musu. Je ka ba da haƙuri, ka biya. Kuɗin tsaki uku bai kai gabar shekara guda ba.

Duka fa? Ba ya aiki. In ka tarar da ɓarna da rana, ka kama kyanwa da yamma ka doke ta, ba ta san abin da ta yi ba. Abin da ta koya shi ne hannunka abin tsoro ne, gobe in yaro ya miƙa mata hannu sai ta kai masa farce. In ka kama ta tana cikin yi, tafi mai ƙarfi ko ɗan yayyafin ruwa ya isa.

Kyanwa dabba ce mai tsabta, tana son ta tona ƙasa ta binne kashinta. In ta yi a ɗaki, galibi an kulle ta ne da dare, ko an yi wa tsakar gida siminti duka, ko kare ya tare mata hanya. A sa mata tsohon kwano cike da rairayi a wani lungu, a riƙa zubarwa kullum. Wurin da ta ɓata a wanke da sabulu sosai, gama warin ne yake mayar da ita. Amma wannan aiki ba na mace mai ciki ba ne. Kashin kyanwa yakan ɗauki wata ƙwayar cuta da take iya yi wa jariri lahani tun yana ciki, a ido ko a ƙwaƙwalwa. Maigida ko babban yaro ya kwashe, ya wanke hannu. In ka ga kyanwa tana ta tsuguno fitsari ba ya fita, ko yana fita da jini, wannan ciwo ne, ba iskanci ba.

Yanzu ga abin da ya fi duka nauyi. Kyanwar Lami, wadda ba ta cizo ba ta yakushi, a karin magana kawai take. Ta gaske tana da haƙori da farce, kuma takan yi gargaɗi kafin ta yi amfani da su: ta kwantar da kunne, ta riƙa kaɗa wutsiya da ƙarfi, ta yi huci. A koya wa yara su gane wannan, su daina jan wutsiya da ɗaukarta tana cin abinci ko tana shayarwa.

Ciwon haukan kare ba kare kaɗai yake kamawa ba, kyanwa ma tana ɗauka ta ba mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, huɗu cikin goma kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duka ta cizon kare ne, amma muzurun da yake kwana a waje yana gamuwa da karnuka, ba za a ce ya tsira ba. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, sai dai a yi shirin jana'iza. Don haka in kyanwa ta ciji yaro ko ta yakushe shi har jini ya fita, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. Kada a sa barkono ko toka ko ganye. A kai shi babban asibiti, na Kazaure ko na Babura, ran nan, ma'aikatan lafiya su duba ko yana bukatar allura. Kada a kashe kyanwar in ta gida ce, a tsare ta kwana 10 a ga yadda za ta kasance. Wadda ta sāke hali farat ɗaya, tana dalalar da miyau, tana kai cizo ba dalili, kada kowa ya taɓa ta da hannu. Ita kyanwar ma akwai allurar rigakafinta, tun tana wata uku, a kuma maimaita yadda malamin dabbobi ya faɗa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu yin allurar wannan ciwo a ƙasarmu.

Ɓeran da ta kamo ta ajiye a bakin ƙofa, kada yara su ɗauka da hannu. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Barno, ta fitsari da kashin wani irin ɓera yake yaɗuwa, ya kuwa fi tashi da rani. A ɗauke mushen da shebur a binne.

Gidan da yake da kyanwa ba ya sa shinkafar ɓera. Ta ci ɓeran da ya ci guba, ita ma ta bi shi, ba a ma zancen kaji da yaro mai rarrafe. Haka kuma kada a shafa mata fiya-fiya ko maganin kaskar shanu don ƙuma, gama tana lasar jikinta. Kada a ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Sauran kukan dare da faɗa a kan katanga, wannan lokacin barbara ne. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, ta haihu bayan kwana 63 zuwa 65, 'ya'ya uku zuwa biyar, sau biyu ko uku a shekara. Yi lissafi da kanka. Likitocin dabbobi a manyan garuruwa kamar Kano da Zariya suna yi wa mace aikin hana haihuwa, suna fiɗiye muzuru, yawancin waɗanda aka fiɗiye kuwa sukan rage yawo da faɗa da fesa fitsari a bango. Amma aikin likita ne, ba na reza a bayan ɗaki ba. Wanda ba shi da halin zuwa, ya fara neman masu so tun kyanwar tana da ciki. A bar 'ya'yan su sha nono mako takwas cif, yara suna ɗan taɓa su a hankali don su saba da hannu. Ɗan kyanwar da aka raba da uwarsa da wuri shi ne yakan tashi da tsoro da cizo. Wanda aka zubar a bakin kasuwa kuwa, in bai mutu ba, shi ne muzurun da zai dawo baɗi ya shiga akurkin wani.