Baƙon da ke biyan kuɗi

Ƴan'uwa manoman Kurfai, kun san al'adarmu. Baƙo in ya sauka, a ba shi ruwa, a shimfiɗa tabarma, a dama fura, sannan a tambaye shi daga ina. Ba a karɓar ko dala guda hannunshi. Abin kunya ne.

To akwai wani irin baƙo da ake ce ma turis, mai yawon buɗe ido. Shi da kuɗinshi yake tahowa, don shi ga kasuwar dabbobi ta Lahadi a Baleyara, ko raƙuman dawa na Kure. In kunya ta hana ka karɓa, mai motar Yamai da ya kawo shi ba ya jin kunya.

Zabarmawan Kure sun karɓa. A 1996 raƙuman dawa ba su wuce 50 ba. A 2017 sun haura 600. Samari sunka zama jagora, ana biyan su. Amma dabbar nan tana cin wake a gona. Jagora ya samu, mai waken ya yi asara. Ku riƙe wannan, don raƙuman na kaiwa har wajen Fandu.

Akwai kuma abin da ba na sayarwa ba. A 1925, a Cikal kusa da Filinge, iskokin Hauka sunka bayyana ga wata mata mai suna Shibo. Komandan ya kama su, anka tsare su Yamai. Daga baya wani Bafaranshe, Jan Rush, ya ɗauki sinimar ƴan Hauka a Akara, ƙasar Gana, anka nuna ta Faransa a 1955. Ƴan Afirka da dama da sunka gani ransu ya ɓaci. Ga masu bori, bori magani ne, ba wasan kallo ba. Malamai kuwa ba su son shi sam. A ganina, dattijon da ya ce kada a ɗauki hoto yana da hujja.

Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga sunka kashe mutum 8 a Kure, Faransawa 6 da ƴan Nijar 2, har da jagora. Turis sunka ɗauke ƙafa.

In lafiya ta komo, za su komo. Ku kai magana gaban mai gari tun yanzu: wa zai riƙe kuɗin, nawa ne rabon mai waken, kuma wace ƙofa ce baƙo ba ya shiga.