Ciwon zuciyar masu jego: Inda aka kwana wajen neman magani

A Dawanau da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ranar suna ranar murna ce. Amma wani lokaci, kafin a yi arba'in sai a ga mai jego ta fara kumburin ƙafa, tana haki ko da daga ɗaki zuwa tsakar gida, da dare kuma tari ya hana ta kwanciya. Wasu su ce sanyin haihuwa ne, wasu su ce iska. Sau da yawa kuwa tsokar zuciyarta ce ta yi rauni, ta kasa tura jini yadda ya kamata.

Wannan ciwo yakan zo a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa. A Japan da Turai da wuya a gan shi, amma a ƙasar Hausa ba baƙo ba ne. Tun shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi nazarinsa a Zariya. An ƙiyasta cewa yana kama kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu a can. A lokacin an zargi kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai wuta.

Daga baya Farfesa Kamilu Musa Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranci wani babban bincike a asibitocin Najeriya. Sakamakon bai ɗora laifin a kan waɗannan al'adu ba. Ya nuna cewa ciwon ya fi kama mata masu rama, da marasa ilimin boko ko aikin yi, da waɗanda suka yi hawan jini lokacin ciki.

To, ina magani? Masana na bin hanyoyi biyu. Ta farko ita ce sinadarin seleniyam, wanda jiki ke samu daga hatsi, kifi, ƙwai da nama. Tun 1992 aka gano ƙarancinsa a jinin masu ciwon a Yamai, daga baya a Kano ma. Da aka gwada ba wasu mata ƙwayarsa na wata 3, haki ya ragu, sai dai ba a ga zuciyar ta murmure fiye da ta waɗanda ba su sha ba.

Ta biyu maganin bromokiriftin ne. A 2007 masana a Jamus suka nuna cewa wani gutsure na sinadarin da ke kawo ruwan nono yana lahanta zuciya, wannan magani kuma yana tsayar da sinadarin. Gwajin da aka yi wa mata 20 a Afirka ta Kudu a 2010 ya ba da ƙwarin gwiwa. Amma fa yana ƙafar da nono. A gidan da ba kuɗin madarar gwangwani, ba ruwa mai tsafta, me jariri zai sha? Shi ya sa likita kaɗai ke yanke wannan hukunci, ana kuma ci gaba da gwaji.

Ɗalibai, ku ma kuna da rawar takawa. In kun ga Yaya ko Inna na haki da kumburi bayan haihuwa, ku faɗa wa manya a kai ta asibiti da wuri. Akwai magungunan da ke rage ruwa su sauƙaƙa wa zuciya aiki, mata da yawa kuma suna warkewa. Wa ya sani, ko wadda za ta ƙarasa wannan bincike tana zaune a ajinku yau?