Ruwan kashe gobara da ke ƙarewa a bayan bututun esi

Makonni uku kacal na yi ban leƙa ginin ba. Ranar da na dawo, ina shiga hawan ƙasa na ɗaga kai, sai na ajiye jakar kayan aiki na nemi bulo na zauna. Wani ƙaton bututun kwano, irin wanda ke raba iskar esi a manyan gine-gine, ya ratsa zauren daga wannan bango zuwa wancan, ya bi daidai ƙarƙashin layin kawunan yayyafin da muka ɗaura. Na sa tef na auna faɗinsa: mita ɗaya da rabi.

Sana'ata ke nan, haɗa fayif na ruwan kashe gobara. Ginin bene ne mai hawa uku a nan Accra, na wani Alhaji ɗan kasuwa da zai ba masu atamfa da 'yan gwanjo haya. Tun da Kantamanto ta ƙone a farkon Janairun 2025, ban cika shan wahalar fahimtar da masu gini amfanin aikinmu ba. Alhaji ma bai yi ƙyashi ba. Ya sayi famfo da tanki, mun shimfiɗa fayif, mun matsa musu ruwa na awa biyu kamar yadda ƙa'ida ta ce, ko ɗigo bai zuba ba. Muna tafiya masu esi suka shigo da nasu zanen, wanda ba mu taɓa gani ba, su ma ba su taɓa ganin namu ba.

Ga wanda bai sani ba, kan yayyafi, wanda a wurin aiki muke cewa sifirinkila, shi ne ɗan ƙarfen nan da kake gani jere a saman manyan kantuna da otal-otal. A tsakiyarsa akwai 'yar kwalba mai ruwa a ciki, ita ce ta tokare bakin fayif. Mai jan ruwa tana fashewa idan zafi ya kai digiri 68, mai rawaya 79, koriya 93. Tana fashewa ruwa ya fito da ƙarfi, ya bugi wani ɗan faifai mai haƙora, ya bazu kamar an buɗe lema. Kuma ba kamar yadda ake nunawa a fim ba, ba dukkansu ke buɗewa tare ba. Wanda zafi ya isa gare shi, shi kaɗai ke aiki. Shi ya sa kowane kai yana da nasa yankin: a kanti, ɗaya bai kamata ya ɗauki fiye da murabba'in mita 12 ba. Idan an tare shi, babu mai yi masa aikinsa.

Da Alhaji ya iso na nuna masa. Ya duba sama, ya dube ni.

"To Masta, ai ga su nan ina gani, ba wanda ya cire su."

Na ce, "Alhaji, suna nan. Amma in wuta ta tashi a dilar kayan da ke ƙarƙashin wannan kwanon, ruwan zai sauka a bayan bututu ya gangara ta gefe. Wutar tana cikin rumfa, kamar mai fakewa ruwan sama."

Ya yi shiru, sannan ya kawo shawarar da kusan kowa ke kawowa: a ƙara wa fayif ɗin tsawo, a sauko da kawunan ƙasa da bututun, shi ke nan. Da ji kamar magana ta ƙare, amma ba ta ƙare ba, kuma nan ne ma wurin da na fi so mai karatu ya gane. Zafin wuta sama yake tashi, ya bugi silin ya bazu a jikinsa, siririn shimfiɗa. Kan yayyafi dole ya zauna cikin wannan shimfiɗar in ana so ya ji wuta da wuri. Don haka ne a ƙarƙashin silin mai santsi ake ajiye faifansa tsakanin santimita 2.5 da 30 daga sama. Ka sauko da shi mita guda, zafi zai wuce ta kansa, kwalbar tana nan a sanyi har wuta ta yi ƙarfi. Ka bar shi a sama kuwa, zai ji zafin amma ruwansa ba zai isa ba. Abu biyu ne ke jan sa, bututun kuma ya shiga tsakani.

Littafin ƙa'idar da muka fi aiki da shi, NFPA 13 na Amurka, wanda asalinsa ya faro tun 1896, ya yanke maganar a taƙaice: duk abin da ke kafe wanda faɗinsa ya wuce ƙafa 4, wato mita 1.2, sai an sa masa nasa kawunan a ƙarƙashi, na sama kuma su ci gaba da zama. Wanda bai kai haka ba, ana duba nisan kan da gefen bututun. In bai kai santimita 30 ba, faifan ba zai ɗara gindin bututun tsawo ko kaɗan ba. In nisan ya kai kamar mita ɗaya, zai iya ɗara shi da santimita 24, domin lemar ruwan tana lanƙwasowa ƙasa ta wuce ta ƙarƙashinsa. Ƙananan abubuwa, kamar fayif ɗin wani ko fitila, a nisance su da ninki uku na kaurinsu. Ba kuma a cusa kawuna barkatai don a huta: biyu in sun matsu ƙasa da mita 1.8, na farko zai jiƙa na biyu ya hana kwalbarsa fashewa.

Akwai wata dabara da na sha gani, ba na kuma son ta. A raba bututu ɗaya gida biyu, kowane santimita 80, a jera su manne da juna, a ce ai babu wanda ya kai mita 1.2. Ruwa bai san lissafin nan ba. Ni dai in na ga haka, ɗaya nake ɗaukarsu.

Mai kwangilar esi ya ce shi ba ruwansa, inda zane ya nuna nan ya bi. Gaskiyarsa ce, kuma ba zan ɗora masa duka laifin ba. Bututu babba ne, hanyarsa ɗaya ce, fayif ɗinmu kuwa yana iya kewayawa. Da an haɗa mu zama ɗaya da zanuka biyu a kan tebur kafin a huda ko rami ɗaya, da an gama cikin rabin yini. Ni ma ina da nawa kason, don na ga ramukan da aka bari a bango ban tambayi na mene ne ba.

Abin da ya juya Alhaji ba bayanina ba ne. Na tuna masa cewa dokar 2003, LI 1724, ta wajabta wa irin gininsa takardar shaidar 'yan kwana-kwana, kuma wanda zai zo dubawa zai ɗaga kai kamar yadda na ɗaga. Ya tambayi kuɗin. Na faɗa. Ya yi salati, ya zagaya zauren sau biyu, ya ce a yi.

Kwana shida muka yi. Muka zubar da ruwan layin, muka matsar da kawuna huɗu gefe, muka ja sabon reshe a ƙarƙashin bututun da kawuna tara, kowanne da kejin waya saboda masu shigowa da dila a ka. Muka sake gwaji.

Watanni biyu bayan an buɗe na biyo ta wajen, na shiga gaisuwa. A shago na uku wata Hajiya ta jera atamfofi har suna gogar kejin, ga wata riga a rataye a jikin fayif. Na gaishe ta, na ce Hajiya a bar tazarar santimita 45 tsakanin kaya da wannan ƙarfen, kamar kamu ɗaya, kuma kada a rataya masa komai. Ta ce ita ta ɗauka fitila ce da ba ta kamawa. Ta kira yaronta, ya hau kujera ya sauke layi biyu na sama.