Neman Takardun Mamaci Kafin Rabon Gado

Sau da yawa dangi sukan tayar da maganar gado tun gwauruwa ba ta san inda takardun mijinta suke ba. A nan fasto zai taimaka. A buɗe akwatin marigayin a gaban shaidu daga dangin miji da na mata, a rubuta abin da aka samu. A tambayi lauyansa, gama a Nijeriya akan ajiye wasiyya a Babbar Kotun jiha. Takardar shaidar mutuwa kuwa, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa. In babu wasiyya, banki yakan nemi takardar izini daga kotu kafin ya saki kuɗi. Fasto shaida ne kawai. Kada ya riƙe takardun a gidansa, domin kada zargi ya faɗa wa ikilisiya.