Sharuɗɗan Shiga Sashen Turanci da Sauran Sassan Tsangayar Fasaha a Jami'o'in Nijeriya

A jami'o'in Nijeriya, Tsangayar Fasaha ita ce ke tattare da darussan da ke nazarin harshe da tunani da rayuwar ɗan'adam, irin su Turanci da Hausa da Larabci da Tarihi da Nazarin Addini, kuma da yake duk a inuwa ɗaya suke, mutane da yawa na ɗauka cewa ƙofar shigarsu ɗaya ce. Akwai gaskiya a wannan zato ta fuskar matakan farko, domin kowane mai nema sai ya samu kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO, a zaman da bai wuce biyu ba, sannan ya rubuta jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Wannan jarrabawa darussa huɗu ce a kan maki 400, Turanci dole ne ga kowa da tambayoyi 60, sauran ukun kuma kowanne tambayoyi 40, a gaban kwamfuta cikin awa biyu.

Bambancin yana fitowa ne a sauran darussan uku da kuma kiredit ɗin da kowane sashe ya ɗora a kan na gama-gari. Sashen Turanci shi ne mafi tsauri, saboda bai wadatu da kiredit a harshen Turanci kaɗai ba, sai an haɗa da kiredit a Adabin Turanci, wato darasin da ake karanta ƙagaggun labarai da waƙoƙi da wasannin kwaikwayo na marubutan Afirka da na waje, har da wasa ɗaya na Shakespeare, kuma dole wannan darasi ya kasance cikin huɗun da ɗalibi ya zaɓa a JAMB. Hikimar sharaɗin a fili take, tunda wanda zai shafe shekara huɗu yana feɗe littattafai yana bukatar ya saba da karatu mai tsawo tun daga sakandare. Sai dai a nan ne ɗalibai masu hazaƙa da dama ke rasa gurbi, musamman waɗanda suka fito daga makarantun da babu malamin adabi, domin ana zaɓen darussa ne tun a ajin farko na babbar sakandare, lokacin da yaro bai san abin da jami'a za ta tambaye shi ba bayan shekara uku.

Sauran sassan sun fi sassauci. Mai son Larabci ko Nazarin Addinin Musulunci ana neman darasin da zai karanta ɗin, ya cika da wasu daga fannin fasaha. Sashen Tarihi kuwa, jami'o'i da yawa suna karɓar darasin Gwamnati a madadin Tarihi, abin da ya taimaka ƙwarai ganin shekarun da aka yi an cire Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare kafin a dawo da shi. Game da Lissafi, wanda ya daɗe yana tare wa ɗaliban fasaha hanya, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar a watan Oktoban 2025 cewa kiredit a cikinsa ba sharaɗi ba ne ga masu neman waɗannan fannoni, ko da yake har yanzu sai sun zauna jarrabawarsa.

Cika sharaɗi kuma ba shi ne samun gurbi ba. Mafi ƙarancin makin JAMB da aka tsayar wa jami'o'i a 2025 shi ne 150, amma kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, kuma manya irin su Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Bayero da ke Kano suna sake tantance masu nema da kansu. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, sannan manufar ilimi ta ƙasa ta ware kashi 60 ga kimiyya, ta bar wa fasaha da dangoginta kashi 40, lamarin da ke ƙara matse ƙofar. Wanda ya riƙe takardar NCE ko ya ci IJMB, shirin share fage da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, yana iya shiga kai tsaye aji biyu, muddin darussan da ya yi sun dace da sashen da yake nema.

Saboda haka ya wajaba shugabannin makarantu da iyaye su buɗe kundin sharuɗɗa na JAMB, wanda ke shafinta na intanet, tare da yaro tun kafin ya zaɓi darussan babbar sakandare, su kuma gwamnatocin jihohi su ɗauki malaman Adabin Turanci su tura su makarantun karkara da ba su da ko ɗaya.