Naman Da Ya Narke: Za A Iya Mayar Da Shi Cikin Firiza?

Ga wata tambaya da mata sukan yi wa juna, musamman sa'ad da Kirsimeti ya matso, aka yi watanda, nama ya shigo gida cike da daro. Uwargida ta fitar da nama daga firiza domin ta yi miya, ƙanƙarar ta narke, sai baƙin da ake jira suka aiko cewa ba za su sami zuwa ba. Ko kuwa an ɗauke wuta, aka wuni aka kwana ba a kawo ba. To, naman nan za a iya mayar da shi ya sāke daskarewa? Waɗansu sukan ce kada a kuskura, ya zama guba. Waɗansu kuma sukan ce ai ƙanƙara tana kashe kome. Dukansu biyu akwai gyara a maganarsu.

Bari mu fara da masu cewa ƙanƙara tana kashe kome, gama nan ne haɗarin yake. Kowane ɗanyen nama yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, tun daga mayanka, da teburin mahauci, da wuƙa, da hannun mai saye. Ido ba ya ganinsu. Sanyin firiza mai kyau, wato digiri 18 ƙasa da sifiri, ba ya kashe yawancinsu, barci kawai yake sa su. Da zarar naman ya fara ɗumi sai su farka, su ci gaba da hayayyafa daga inda suka tsaya. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 ne suka fi jin daɗi, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take gargaɗi a ajiye abinci ƙasa da 5 ko sama da 60. Idan suka sami ɗumin da suke so, waɗansunsu sukan ninka yawansu kowane minti 20. Ku yi lissafin da kanku. Ƙwaya ɗaya tak, bayan awa 2 ta zama 64, bayan awa 4 ta wuce 4,000, bayan awa 7 kuwa ta haura miliyan 2. Wanda ya mayar da irin wannan nama cikin firiza bai kashe yawancinsu ba. Ya ajiye su ne lafiya lau, suna jiran ranar da za a sāke fito da su.

Ashe dai abin dubawa shi ne yadda naman ya narke, da tsawon lokacin da ya yi cikin ɗumi.

Idan a cikin firji ya narke, wato an sauko da shi daga firiza zuwa ɓangaren sanyi, wuta kuma ba ta yanke ba, to ana iya mayar da shi ɗanye. Wannan shi ne bayanin Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, wadda take lura da lafiyar nama a ƙasar. Dalili kuwa, naman bai taɓa fita daga sanyi ba, ƙwayoyin cutar ba su sami sarari ba. Sai dai kada a ja lokaci. Kaza, da kifi, da niƙaƙƙen nama, da kayan ciki, kwana 1 ko 2 ne iyakarsu bayan sun narke. Tsokar saniya, ko ta rago, ko ta akuya, takan kai kwana 3 zuwa 5.

Idan kuwa a cikin ruwa aka narkar da shi, sai a dafa shi tukuna kafin a mayar. Hanyar ruwan ma tana da ƙa'idarta: a ɗaure naman cikin ledar da ba ta yoyo, a tsoma cikin ruwa mai sanyi, a riƙa canja ruwan kowane minti 30. Ruwan zafi ba ya cikin lissafi sam, domin bayan naman zai ɗumame tun cikinsa yana nan kamar dutse.

Amma abin da aka fi yi a gidajenmu shi ne a fitar da nama da safe, a ajiye cikin kwano a kicin, a tafi kasuwa ko wurin aiki. Ƙa'idar ita ce, naman da ya wuce awa 2 a waje ba a mayar da shi. Idan zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 ce kawai. Ku tuna, a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40. A ganina, a wajenmu ƙa'idar awa 1 ce ta fi dacewa a riƙe, in ba a tsakiyar hunturu ba.

Yanzu sai batun ɗauke wuta, wanda shi ne ya fi damun yawancinmu. Firizar da take cike, idan ba a buɗe ta ba, takan riƙe sanyinta wajen awa 48. Wadda take rabi, wajen awa 24. Firji kuwa awa 4 ne kawai. Saboda haka babban taimakon da za ku yi wa namanku shi ne ku bar murfin a rufe, ku kuma hana yara leƙawa neman ruwan sanyi. Sa'ad da wuta ta dawo, ku taɓa naman ku gani. Idan har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa, ko yana da sanyi sosai kamar wanda aka fitar daga firji mai aiki, a bar shi ya sāke daskarewa. Idan ya yi laushi ya kuma rasa sanyi, ba ku san tsawon lokacin da ya yi haka ba, kada ku mayar, kada kuma ku ci.

Abin da ya fi ruɗi shi ne a ɗauke wuta kuna tafiya, a dawo da ita kafin ku iso. Kun tarar da kome a daskare, ba ku san abin da ya faru a bayanku ba. Akwai dabara mai sauƙi. Ku cika kofi da ruwa, ku bar shi ya daskare, ku ɗora kwabo ko ɗan ƙaramin dutse a kai. Idan kun dawo kun iske shi a ƙasan kofin, kun san ƙanƙarar ta narke gaba ɗaya ta sāke kamawa, naman ma sai a yi shakkarsa. Wata alama kuma ita ce jan ruwa da ya daskare a gindin ledar naman.

Na san wani zai ce, "Ai in na shinshina zan sani." Hanci yakan gane naman da ya ruɓe, amma ƙwayoyin da suke kawo amai da gudawa, irin su salmonela, sau da yawa ba sa canja warin nama ko launinsa. Wani kuma zai ce, "In na tafasa shi sosai ai shi ke nan." Gaskiya ne dahuwa mai kyau tana kashe ƙwayoyin. Amma akwai waɗanda suke zuba dafi cikin abinci tun suna da rai, irin wannan dafi kuwa tafasa ba ta lalata shi. Babba mai ƙarfi mai yiwuwa ya sha wahalar kwana biyu ya tashi. Ƙananan yara, da mata masu ciki, da tsofaffi, da marasa lafiya, su ne abin yakan kayar. Kuɗin nama da zafi, amma kuɗin asibiti ya fi shi.

To, masu cewa naman da aka mayar ba ya daɗi fa? Nan kam suna da gaskiya. Wajen kashi uku cikin huɗu na tsoka ruwa ne, ruwa kuwa idan ya daskare kumbura yake yi, kamar yadda kuka ga kwalbar ruwa takan fashe a firiza. Ƙanƙarar takan tsattsaga zaren naman, idan ya narke sai ruwansa ya tsiyaye. Kowane zagaye yana ƙara masa bushewa. Irin wannan nama ya fi kyau a miya ko farfesu, ba a gashi ba.

Maganin wahalar duka yana ranar da nama ya shigo gida. A yanka shi, a rarraba cikin ƙananan ledoji, kowace leda ta girki ɗaya, a baje ta kada a dunƙule, domin ta daskare da sauri. Ta haka abin da za ku dafa kaɗai za ku fitar. Wanda ya riga ya narke kuma kuna shakkar wuta, ku dafa shi tun yana da sanyi. Dafaffen nama ana iya sa shi a firiza, muddin an raba shi cikin ƙananan mazubai ya huce da wuri, an kuma sa shi kafin awa 2 ta cika. Inda wutar ba abar dogara ba ce, hanyoyin iyayenmu suna nan: a tafasa da gishiri a soya ƙarau, a yi dambun nama, a yi kilishi, ko a banda shi a kan wuta ya bushe sarai.