Jinyar Kyanwa Mai Fama da Sankarar Jini

Gabatarwa

Da wuya a shiga wata unguwa a ƙasar Hausa a rasa kyanwa a cikinta, amma kuma da wuya a sami gidan da aka ɗauke ta a matsayin dabbar da ke da hakkin jinya kamar yadda akuya ko tunkiya ko doki ke da shi. Dalili kuwa a fili yake. Akuya dukiya ce, ita kuwa kyanwa ba a kai ta kasuwa, aikinta bai wuce tsaron rumbu da ɗakin ajiya daga ɓarnar ɓera ba. Muddin tana kamu, ana yi mata kirari da mai kwanciyar ɗaukar rai. Ranar da ta rame, gashinta ya tashi, miyau ya soma dalala daga bakinta, sai a kira yaro a ba shi buhu ya kai ta bayan gari.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne abin da ya faru a gidanmu a hutun da ya wuce. Kyanwarmu, wadda ba ta cika shekara uku ba, ta daɗe tana fama da gyambon baki, yau ya lafa gobe ya dawo, har ta kai ga ƙin abinci. Wani daga cikin mutanen gida, saboda tsabar tausayi, ya ɓara ƙwayar farasitamol biyu, ya jiƙa rabi a madara ya ɗura mata. Kashegari fuskarta ta kumbura, dasashinta ya rine ya koma ruwan ƙasa, numfashi ya gagara, kafin asuba ta mutu. Da na dawo makaranta na ba wani abokina ɗalibin likitancin dabbobi labari, sai ya ce mini maganin ne ya kashe ta, amma gyambon da ramar da suka riga shi alamomi ne irin na cutar da za mu yi magana a kanta a wannan 'yar maƙala.

Asalin cutar da sunanta

A shekarar 1964 ne wani likitan dabbobi mai suna William Jarrett da abokan aikinsa a Jami'ar Gilasgo ta ƙasar Sikotland suka gano ƙwayar cutar. Abin da ya ja hankalinsu shi ne yadda kyanwoyin da ke zaune a gida ɗaya ke kamuwa da sankara iri ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, alhali kuwa ba a san sankara da yaɗuwa kamar ƙyanda ba. Da suka bincika sai suka tarar da wata ƙwayar bairos ce ke haddasa ta. Turawa na taƙaita sunan wannan ƙwaya da FeLV, ma'anarsa kuwa ita ce bairos mai sa wa kyanwa sankarar jini.

A nan ya kamata ɗalibin harshe ya ɗan dakata, domin sunan na iya ɓatar da mai karatu. Gaskiya ne ƙwayar na haifar da sankara, musamman ta kaluluwa, wadda a ƙananan kyanwoyi takan fito a cikin ƙirji ta tara ruwa ta danne huhu. Sai dai da yawa daga cikin masu ɗauke da ita ba sankara ke kashe su ba. Ƙwayar na shiga ɓargo, inda ake ƙera jini, ta lalata aikinsa, sai a sami ƙarancin jini mai tsanani. Tana kuma karya garkuwar jiki, ta yadda murar da lafiyayyar kyanwa za ta warke daga gare ta cikin mako guda sai ta zauna wa mai wannan cuta wata da watanni. Da ni aka ba naɗin suna, da “ɓalle-ƙofa” na kira ta, domin aikinta ke nan: ta ɓalle ƙofa, wasu ɓarayin su shigo su kwashe kaya. Duk wata dabarar jinya da za mu ambata a gaba, a kan wannan fahimta aka gina ta.

Yadda take yaɗuwa

Miyau shi ne babbar hanyarta. Kyanwoyin da ke lasar juna, da masu ci a kwano ɗaya, da muzurun da ke kwana yana dambe a kan katanga ana cizonsa yana cizo, duk suna cikin haɗari. Uwa kuma na iya sa wa 'ya'yanta tun suna ciki ko ta hanyar nono, kuma sau da yawa cikin kan zube. 'Ya'yan kyanwa sun fi manya saurin kamuwa nesa ba kusa ba. Ba a taɓa tabbatar da cewa ƙwayar ta kama ɗan'adam ba, haka nan ba ta kama kare ko akuya ko kaji, saboda haka babu dalilin hana yara shafa kyanwarsu.

Idan ƙwayar ta shiga jiki, ɗayan abu uku ke faruwa. Wata kyanwar garkuwarta kan ci ƙarfinta tun da wuri, ta warke sarai. Wata kuma takan danne ta, amma ba ta iya fitar da ita, domin wannan ƙwaya na daga cikin irin waɗanda ke rubuta kansu a cikin kundin gadon ƙwayoyin halittar jiki, kamar dai 'yar'uwarta mai sa wa mutane ƙanjamau. Irin wannan kyanwa kan zauna lafiya, ba ta yaɗa cutar ta miyau, sai dai idan wata wahala ta raunana ta ƙwayar na iya farkawa. Ta uku ita ce wadda ƙwayar ta rinjaya, ta cika mata jini da miyau har ƙarshen rayuwarta. Ita ce majinyaciyar da muke magana a kanta, kuma galibin irinta kan rayu shekara biyu zuwa uku bayan an gano cutar, ko da yake akan sami waɗanda ke zarce haka da yawa.

Ido ba ya bambance waɗannan uku, sai gwajin jini. Ɗigo kaɗan ake bukata, sakamako kan fito cikin kamar minti goma, amma gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an maimaita bayan wasu makonni. A shekarun 1970, lokacin da aka fara samun gwajin, abin da aka fi yi a Turai da Amurka shi ne a raba duk wadda aka samu da ƙwayar da sauran, sau da yawa ta hanyar kashe ta. Yanzu ra'ayin masana ya sauya. Jagorar da ƙungiyar likitocin kyanwoyi ta Amurka ta fitar a 2020 ta nuna cewa sakamakon gwaji shi kaɗai ba hujja ce ta kashe kyanwa ba. Allurar rigakafi kuwa ta fito tun tsakiyar shekarun 1980, sai dai tana kare wadda ba ta kamu ba ne kawai. A arewacin Nijeriya, asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi da ke jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri na daga cikin wuraren da mai kyanwa zai fara tuntuɓa.

Jinya

Har yau babu maganin da ke fitar da wannan ƙwaya daga jiki. Saboda haka jinyar ta rataya ne a kan tsare ƙofar da aka ɓalle, da kuma saurin ganin ɓarawo idan ya shigo.

Abu na farko, kuma mafi wuya a irin zaman gidajenmu, shi ne killacewa. Dole a hana kyanwar yawon maƙwabta, don kada ta ɗauko wata cutar kuma don kada ta sa wa wasu tata. Idan akwai wasu kyanwoyi a gidan sai a raba musu ɗaki da kwano da wurin ba-haya. Fiɗiye muzuru na rage masa yawo da faɗa, ita ma macen akan yi mata aikin hana haihuwa. Ba a barinta ta yi farauta, domin ɓera da ƙadangare na ɗauke da tsutsotsi da ƙwayoyin cutar da jikinta ba zai iya yaƙa ba, balle kuma ɓeran da ya ci guba. Watau dai an sallame ta daga aiki, ta koma kyanwar Lami, kuma ciyar da ita ya koma wuyan maigida kacokan. Wani zai tuna da sanannen hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta ɗaure, ya ji tsoron killacewa. Amma laifin matar shi ne ta hana ta abinci kuma ta hana ta fita nema. Killacewar da ke tare da ci da sha da inuwa ba ta cikin wannan babi.

Na biyu shi ne abinci. Kyanwa maciyar nama ce a halittarta, ragowar tuwo ba ta riƙe ta ko tana lafiya. A ba ta dafaffen nama ko kifi ko ƙwai, a cire ƙashi da ƙaya, kada a ba ta ɗanye. A guji romon da aka dafa da albasa ko tafarnuwa, domin suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, ita kuwa dama jinin ne ba ta da shi. Madarar da muke ɗauka ita ce gatan kyanwa takan sa wa manya da yawa zawo. Idan ta ƙi ci, a ɗan ɗumama abincin, saboda ƙamshi ne ke jawo kyanwa ga kwano, mai toshewar hanci kuwa ba ta jin ƙamshin abu mai sanyi. A goge mata hanci da tsumma mai ɗumi kafin a ajiye mata. Ƙin cin abinci a wurin kyanwa ba abin jira ba ne. Idan ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitsen jikinta kan taru a hanta ya hana ta aiki, sai a ga ido da cikin kunne sun yi rawaya kamar mai shawara. Kwana biyu ba ci ya isa a nemi likita.

Na uku shi ne sa ido, kuma a ganina nan ne jinyar take. Kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo. Kare idan ba shi da lafiya kowa zai sani, ita kuwa sai ta nemi ƙarƙashin gado ta lafe, a ce barci take yi. Mai jinya sai ya koyi karanta jikinta. Ya ɗaga leɓenta ya dubi dasashi: na lafiyayya jaja-jaja ne, idan ya yi fari to jini ya yi ƙasa. Ya shafa ƙarƙashin muƙamuƙi da bayan gwiwa ko kaluluwa ta tashi. Ya ƙirga numfashinta tana barci, wanda bai kamata ya wuce kamar 30 a minti ɗaya ba, kuma kyanwar da ke numfashi baki buɗe tana bukatar likita a wannan sa'a. Zafin jikinta na ƙa'ida tsakanin digiri 38 ne da 39 da 'yan kai, ya fi na mutum, don haka ɗumin jiki kawai ba zazzaɓi ba ne. Ya riƙa auna nauyinta: ya hau sikeli da ita a hannu, ya sake hawa shi kaɗai, ya debe. Kyanwa mai kilo 3 da ta rasa giram 300 ta rasa kashi ɗaya cikin goma na jikinta, amma gashi ba zai bari a gani ba. Ko babu wata alama, ana so likita ya duba ta duk wata shida.

Sai kuma batun magani. Abin mamaki, yawancin cututtukan da ke shigowa ta wannan ƙofa suna jin magani, sai dai sukan bukaci a fara da wuri kuma a daɗe ana ba da shi. Ana magance gyambon baki da mura da zawo, ana ƙarin jini, sankarar kaluluwa ma akan lafar da ita na wani lokaci. Amma duk wannan aikin likita ne. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke narkar da farasitamol, shi ya sa ko rabin ƙwaya na iya halaka ta, kamar yadda muka gani da idonmu. Haka nan kada a fesa mata fiya-fiya ko maganin ƙumar da aka yi don kare, domin da yawa daga cikinsu na sa ta karkarwa da farfaɗiya har ta mutu.

Sauran cututtuka masu tsanani

Akwai wata ƙwayar mai kama da wannan, wadda ake kira FIV, da Niels Pedersen da Janet Yamamoto suka gano a 1986 a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis. Ita ta cizo ta fi yaɗuwa, don haka muzurai ta fi kamawa, kuma tafiyarta a hankali ce, har mai ɗauke da ita kan tsufa kamar kowace kyanwa. Jinyarsu ɗaya ce. Tsofaffin kyanwoyi kuma ciwon ƙoda ya fi damu. Alamarsa yawan shan ruwa da yawan fitsari da rama da amai, kuma kafin a gan su kusan kashi biyu cikin uku na aikin ƙodar ya riga ya tafi. Kada a rage mata ruwa don ana ganin fitsarin ya yi yawa. A ƙara mata ne, a ajiye kwanuka a wurare daban-daban, musamman a zafin bazara.

Duk da haka akwai ranar da jinya kan ƙare, sa'ad da kyanwar ta daina ci da sha gaba ɗaya, ba ta iya tashi, numfashi ya zama wahala. Likitocin dabbobi na da allurar da ke sa ta barcin da ba ta farkawa ba tare da jin zafi ba, kuma shawarar yin haka tsakanin mai ita ne da likita. Buhu da bayan gari kuwa yunwa ce ake ƙara mata a kan ciwo, sa'an nan an kai ƙwayar ga kyanwoyin wata unguwa.

Bayan mutuwarta gidan ba ya riƙe cutar. Ƙwayar ba ta wuce 'yan sa'o'i a busasshen wuri, sabulu ma na kashe ta. A wanke kwanuka da shimfiɗa, a shanya su a rana, a gwada jinin sauran kyanwoyin gidan idan akwai, sa'an nan a kawo sabuwa.